Harafi Biyu

Ranar Talata, ɗakin gwajin jini, asibitin Jega.
Kwalabe biyu a gabana, ja wur, ja wur,
ba mai iya nuna ta gidan bene,
ko ta gidan da damina ke gutsura kowace shekara.
Na ɗiga, na jira inji ya gama gurnaninsa,
na ɗauki biro, na rubuta harafi biyu sau biyu:
SS. SS.

Ta farko ta Nusaiba ce, ɗiyar mai tirelolin albasa.
Tana da gidan sauro, da ruwan gora,
da ƙwayar da ba ta yankewa,
da likita a Birnin Kebbi wanda ya san sunanta.
In ƙashi ya motsa tsakar dare,
mota na ƙofa, tanki cike.

Ta biyu ta Nomau ce.
Shekara tara, jikin ɗan biyar,
ido ya yi ruwan ɗorawa.
Uwarsa Kulu ta goyo shi daga tungarsu,
rabi a kwalekwale, rabi a kabu-kabu,
ƙafafunsa na reto har gwiwarta.

Malaminmu ya ce sauro ne ya fara.
Can da, a fadamun nan, masassara na ɗibar yara,
tana tsallake masu harafi ɗaya.
Su suka rayu, suka yi shinkafa, suka haife mu.
Garkuwa ce kakanni suka bari,
sai dai in ta haɗu da 'yar'uwarta a jiki guda
ta koma wuƙa.

Sauro ya fara, mu muka ƙarasa.
Kakan Nomau, Tunau mai fadamar bakin gulbi,
ya ƙi a ce bare ya taka kunyarsa,
ya haɗa ɗan wa da 'yar ƙane, tuwona maina,
kuma yaran na son juna, ba wanda aka tilasta.
An yi guɗa. Gona ta tsaya gida.

Ta tsaya shekara bakwai.
Kadada ta farko ta tafi wurin mai magani
da ya ce iska ce, a yanka baƙin bunsuru.
Ta biyu ta zama ledojin jini da kuɗin mota.
Ta uku likkafani, da goron zaman makoki.
Wa ya saya? Ban tambaya ba, Kulu ce ta faɗa:
yanzu albasa ke fita a wurin,
ana loda ta a tirela.

Ban ce mutumin ya yi zalunci ba.
Ya biya yadda aka yi ciniki, har da ihisani,
shi ma yana kwana zaune in ɗiyarsa na kuka.

Amma gari ya riga ya raɗa wa gidan Tunau suna,
gidan ciwo.
'Yan matansu sun isa, ba mai sallama da yamma
sai ɗan kawu, sai ɗan gwaggo,
wanda ya san ciwon, ba ya gudu.
Jini zai sake komawa inda ya fito,
kamar ruwan da aka datse wa hanya.

Kulu ta karɓi takarda ta juya ta sama-ƙasa.
"Malama, mi ta ce?"
Na duba. Gurbi ɗaya aka yi mata, na harafi biyu.
Ba gurbin nisan tunga da kwalta,
ba na farashin ƙwaya,
ba na kadada uku.

Na ce, ki riƙa ba shi ruwa da yawa.
Na ce, kada sanyi ya taɓa shi, ki dawo bayan wata.
Ta ce, "In gulbi ya bari."
Ta ninke takardar huɗu, ta ƙulle a bakin zane
tare da canjin da ya rage,
ta durƙusa, Nomau ya hau.